Ranar da Kaka Eliana Ta Kulle Ƙofa

Akwai wani ɗan uwanmu ɗan Chile, Osvaldo, mai gyaran wutar lantarki, da ke zaune a bakin daji can bayan Sydney, shi da matarsa Ximena da 'yarsu Javiera.

Yana ƙarami aka zo da shi ƙasar nan. Ya sha tsokana a makaranta saboda Turancinsa, abin kuma ya tsaya masa a rai. Shi ya sa da aka haifi Javiera ya kafa doka: a gidansa Turanci kawai za a yi wa yarinya.

Ximena ba ta yi masa gardama ba, ba ta kuma bi dokar ba. Da Sifaniyanci take tashin yarinyar, da shi take aikenta, da shi take yi mata faɗa. Yarinyar kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa amsawa da shi ba.

"Ke dai kina wahalar da bakinki," in ji Osvaldo yana dariya. "Kamar mai magana da bango. Wa zai ba ta aiki da wannan yaren?"

"Tana ji ai," Ximena za ta ce, ta ci gaba da yanka burodi.

Mu kanmu, gaskiya, mun ce wahalar banza take yi.

Bara aka dawo da mahaifiyar Osvaldo gidan, Kaka Eliana. Tsufa ya taɓa mata ƙwaƙwalwa. Turancin da ta yi shekaru tana yi a masaƙa ya goge tas, sai harshen da ta tashi da shi. Wasu ranakun ma ba ta san wace ƙasa take ba.

To, ran nan da rana tsaka, iska ta juya, gobarar daji ta nufo unguwarsu. Osvaldo na wurin aiki, Ximena ta shiga gari, aka rufe hanya duk suna waje. Gida daga Javiera, 'yar shekara goma sha huɗu, sai tsohuwa.

Sama ta yi ja. Toka na zuba a tsakar gida. Osvaldo ya kira, bai gama cewa "ki ba kakarki wayar" ba layin ya yanke, bai sake shiga ba.

Can sai ga motar 'yan kwana-kwana. Suka diro da hulunan kwano da manyan takalma, suna dukan ƙofa. "Ku fito! Ku fito yanzu!"

Tsohuwa ta leƙa ta taga, ta ga ƙatuwar mota da mutane cikin kaki. Wallahi ba za ku ce ta haura tamanin ba. Ta fizgi jikarta, ta shige da ita banɗaki, ta murza makulli, ta cusa shi a cikin rigarta.

Javiera ta fasa ihu da Turanci. "Kaka, wuta ce! Buɗe! Za mu mutu!"

Tsohuwa ta toshe mata baki da tafin hannu. Ta shiga yi mata raɗa.

Hayaƙi ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa. 'Yan kwana-kwana suka shigo gidan, babbansu ya ce su matsa, zai ɓalle ƙofar. Da ya kai wa ƙofar duka ɗaya, tsohuwa ta jingina bayanta da ita, ta dafe ƙirji, numfashinta na sama-sama. Idan ya sake, a kanta ƙofar za ta faɗo.

A nan ne Javiera ta daina ihu, ta saurari raɗar.

"Yi shiru, 'yata. Sojoji ne. Haka suka zo suka tafi da yayana Lucho, ba mu sake ganinsa ba. Ke kam ba zan ba su ke ba, sai dai su kashe ni."

Kowace kalma Javiera ta gane. Ba wanda ya taɓa faɗa mata zancen Lucho. A gidajenmu da yawa ba a tayar da zancen wancan zamani, lokacin da sojoji ke bin gida-gida a ƙasarmu.

Ta juya wajen ƙofa ta ce da Turanci, "Don Allah ku daina bugawa! Ta ɗauka ku sojoji ne. Akwai mace a cikinku? Ta cire hula da rigar, ita kaɗai ta tsaya."

"Yarinya, wutar ta kama katangar maƙwabtanku," in ji babbansu.

"Na sani! Ku cire dai!"

Sannan ta kama hannun tsohuwar. Bakinta ya yi nauyi, harshen ya ƙi juyawa. Da ƙyar kalmomin Sifaniyanci suka fito, a karkace, irin na ƙaramin yaro.

"Kaka. Ni ce. Sojoji sun tafi."

Tsohuwa ta zuba mata ido.

"Sun tafi. Maƙwabciya ce a waje. Wuta ce, Kaka. Ina jin tsoro. Ki fitar da ni."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta shige ta. Tsohuwa ta shafa mata kai, ta laluba rigarta. Makullin ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa, Javiera ta lalubo shi cikin hayaƙi.

Suka tarar da wata mata tsaye, gashinta a jiƙe da gumi, ba hula. Tsohuwa ta riƙe jikarta gam, ta ja ta har cikin mota, a ganinta ita ce ke ceton yarinyar. Ba su kai kwanar layin ba rufin gidan ya kama.

A zauren makarantar da aka tara mutane Osvaldo ya same su da yamma. Ya shigo a guje, ya zube gaban uwarsa yana kuka kamar yaro. Ximena ta rungume 'yarta.

Ranar tsohuwa ta gane ɗanta, amma jikar ta ɓace mata. Ta nuna Javiera da baki, har lokacin ba ta saki hannunta ba.

"Osvaldo, wannan 'yar waye? Duk mutanen nan ita kaɗai ta yi mini magana. Ka nemo uwarta ka yi mata godiya."

Osvaldo ya ɗago ya dubi matarsa.

Darasi: Iyaye mazauna ƙasar waje, kada kunya ko gori su sa ku yanke 'ya'yanku daga harshenku. Ku yi ta yi musu shi a kicin da mota da bakin ƙofa, ko da ba sa amsawa, domin suna ji. Wanda kuma ya ga abokin zamansa na wannan haƙuri, ya taya shi, kada ya yi masa dariya. Ku tura wa duk wani uba ko uwa da kuka sani a ƙetare.