Bakan Arzika da Kafuwar Ƙasar Kofato

Tun kafin a san iyakar wannan ƙasa, sa'ad da duk gabas da dutsen Kurba kurmi ne, an yi wani maharbi ana ce masa Arzika. Kirarinsa: "Na Hakama, kibiya ɗaya nama ɗaya!" Hakama kuwa matarsa ce.

A shekarar da rijiyoyin garinsu suka ƙafe, gida arba'in suka taso suna neman ruwa, Sarkin Baka Nomau, shugaban maharba, na gaba. Kwana tara suna tafiya, salkuna suka bushe, tsofaffi suka fara zubewa a hanya.

Da hantsi sai ga gwanki, ƙato. Arzika ya ɗana kibiya, ya ja baka har kunne. To, dokar maharban zamanin ita ce, wanda ya ja baka ya sauke bai harba ba, karya bakan ake yi a bainar jama'a, ya bar farauta har abada. Sai idonsa ya faɗa kan kofaton dabbar. Laka ce ɗanya, a tsakiyar rani! Ya sauke.

Nomau ya daka masa tsawa: "Kai, Arzika! Mutane na mutuwa, ka saki nama?"

Ya ce, "Sarki, naman kwana biyu zai yi mana. Inda ya taka nake so."

Nomau ya karɓi bakan ya karya a gwiwarsa. Hakama ta fashe da kuka, ta tsince guntayen ta ƙulle a zaninta. Wallahi abin da ciwo, amma Arzika ko waiwaye bai yi ba. Ya bi sawu hannu sake, har gindin dutse, inda ya tarar da idon ruwa yana ɓuɓɓuga, ga fadama shimfiɗe, ga kanwar da namun daji ke lasa.

Nan aka kafa Kofato. Yau ƙauyuka goma sha bakwai ke ƙarƙashinta, masu rake da albasa da kanwa, da Fulanin da suka biyo ruwan daga baya. Samarinmu masu taƙama da lambu, kaɗan ne suka san wanda ya saya musu shi.

Bayan an kafa garin, Nomau ya sassaƙa sabon baka ya kai wa Arzika da kansa. Arzika ya ce, "Doka ce, Sarki, ban fi ta ba." Ya ɗauki fartanya, da ita ya tsufa.

Har gobe ba a cin gwanki a ƙasar Kofato, kuma duk maharbin da ya zo shan ruwa a Idon Arzika, sai ya kwance tsarkiyar bakansa kafin ya durƙusa.