Golan Haya da Sunan Aro

Akwai wani gola mai suna Badamasi, ɗan Sabuwa, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana tsare ragar mutane. Bai taɓa zama ɗan wata ƙungiya ba. Ɗan haya ne. Yau ya tsare wa Ƙanƙara, jibi ya tsare wa waɗanda suka zo doke Ƙanƙara.

Dokar gasar kofi ta ce sai ɗan gari zai buga wa gari. Kowa na girmama wannan doka, shi ya sa ake ba ɗan haya sunan wani ɗan garin kafin ya shiga fili. Badamasi ya yi Rabo, ya yi Mani, ya yi Yahuza. In an tashi wasa, 'yan gari su tafi murna, shi kuma ya saɓa jakarsa ya nufi tasha.

A shekarar da aka katse layin waya a yankin, Sheme ta ɗauke shi wasan ƙarshe a Faskari, da sunan Gide. Ya tare bugun fenareti, Sheme ta yi nasara, shi kuma ƙashin kafaɗarsa ya karye.

Aka kai shi gidan wani tsoho mai ɗori a bayan Yankara. Shugaban ƙungiya ya sunkuyo ya raɗa masa: "Don Allah ka ci gaba da zama Gide har a miƙa mana kofi. In aka ji, ƙwacewa za a yi."

"Ba komai, Alhaji," in ji shi. Ya saba.

Alhaji ya ce zai dawo gobe. Wataƙila goben ce ba ta zo ba.

Kwanaki suka yi ta wucewa. Badamasi na kwance yana kallon rufin ɗaki, ba mai leƙowa sai tsohon. Kullum in ya gama shafa magani sai ya ɗaga hannu: "Allah ka ba Gide lafiya."

Shi kuwa Giden gaskiya, mai facin taya a Sheme, lafiyarsa ƙalau. An ce har ƙiba ya ƙara.

Wata safiya tsohon na warware ɗaurin, sai ya ce: "Jiya wata baiwar Allah ta ban tausayi. Suwaibatu, daga Sabuwa, da goyo. Mijinta take nema, wai shi ma ɗan ƙwallo ne. Ta je Faskari, ta je Ƙanƙara, kowa ya ce bai san mai sunan ba."

Badamasi ya tambaye shi: "Mi ta ce sunanshi, Baba?"

"Badamasi. Na ce ni Gide kaɗai gare ni, ɗan Sheme. Ta tsaya nan bakin zaure ta sha ruwa. Ta ce bari ta gwada ɗakin ajiye gawa a Funtuwa."

Bakin zauren da ɗakin, katanga ɗaya ce tsakaninsu.

Badamasi ya yunƙura ya tashi zaune, kafaɗar na zogi.

"Baba, ni ne Badamasi."

Tsohon ya tsaya da tsumma a hannu, ya dube shi sama da ƙasa.

"To, ɗana, duk kwanakin nan wa nike yi wa addu'a?"

Darasi: Ka yi aiki a duk inda abincinka yake, amma kada ka ajiye sunanka don kofin wani. Ranar da ka faɗi, masu nemanka da sunanka na gaskiya za su tambaya. Ku tura wa duk wanda neman abinci ya nisanta da gida.