Sunan Wa Za a Buga a Injin Tanimu?

Ku gyara zama. Labarin yau ba na dariya ba ne, kuma in na gama, hukunci yana hannunku.

Tanimu ɗan maƙeri ne a Tudun Gawo. Yana shekarar farko a jami'a, yana karatun injiniyan ƙere-ƙere, sai likita ya duba idon mahaifinsa, Malam Shekarau, ya ce ganin nan in ya daɗe ya yi shekara biyar. A hanyar gida tsoho ya ce, "Ni dai in ga ranar da za ka gama, da idona." To, digiri na farko da na biyu shekara bakwai ne. Amma jami'ar tana da wani tsari na gaggawa da ake haɗa su a shekara biyar, ba dogon hutu, kuma wanda ya yi fashin zango ɗaya a mayar da shi layin kowa. Tanimu ya shiga, ya fara tsere da idon ubansa. Mutum uku ne suka riƙe shi har ya kai.

Ta farko malamarsa ce, Dakta Uwani. A shekara ta huɗu injin ɓarar gyaɗar da yake ƙerawa ya riƙa farfasa ƙwayar maimakon ɓare ta, kwamiti ya ce a cire shi daga tsarin. Ita kaɗai ta miƙe ta ce in an cire shi, ita ma ta ajiye shugabancin shirin. Aka ba shi wata ɗaya. Ta fasa hutunta, ta zauna da shi suna sake lissafi har suka gano inda kuskuren yake.

Na biyu wansa ne, Barau, direban babbar mota, mutumin da ke son hanya kamar ransa. Da tsoho ya fara dukan yatsarsa maimakon ƙarfe, dangi suka ce ɗan boko ya dawo ya riƙe maƙera, tunda shi ya iya. Barau ya ajiye makullin mota, ya zauna gaban wutar da ya tsana tun yana ƙarami. Matar da yake nema a Fatakwal ta ce ba za ta zauna ƙauye ba, ta auri wani. Haƙoran injin ma shi ya ƙera su, sau uku ana dawo masa da su.

Ta uku ƙanwarsa ce, Tabawa. Ganin tsoho bai cika alkawarin likita ba. Farkon shekara ta biyar ya ƙara dushewa, cikin mako shida ya tafi gaba ɗaya. Waya tana hannun Tabawa, tsoho kuwa bai ce ta kira ba, bai ce kada ta kira ba. Ta san in Tanimu ya ji, ranar zai hau mota, wahalar shekara huɗu ta tashi a banza. Ta yi shiru. Duk hoton injin da ya aiko, sai ta zauna ta kwatanta wa tsoho gaɓa-gaɓa. Ran Juma'a in ya kira, tsoho ya ce, "Waldar gefen hagun nan ta yi kauri." Tanimu ya yi ta murna yana cewa, "Baba, ashe ido yana nan!" Ita kuma ta zaga bayan ɗaki ta yi kukanta.

Ranar da ya dawo da takardunsa biyu, ya saka rigar kammalawa tun daga tasha, ya tsaya gaban mahaifinsa a zaure. Tsoho ya fuskanci gefen ƙofa yana murmushi. Ya miƙa hannu yana lalube har ya sami fuskar ɗansa, ya ce, "Af, yaushe ka ajiye gemu?" Wannan kaɗai Tabawa ta manta ba ta faɗa masa ba.

Tanimu ya durƙusa ya yi kuka irin wanda bai taɓa yi ba. Da ya ɗago ya ce wa Tabawa, "Mako shida kike da su, ko kwana ɗaya ba ki ba ni ba."

Ta ce, "Yaya, da na ba ka, da ba ka koma ba."

 Har yau gaisuwa ce kawai ke haɗa su, abin yana cin ran kowannensu.

Bayan wata biyu wani kamfani ya nemi ya riƙa ƙera injin, ya ce a kawo suna ɗaya da za a buga a jikinsa. Tanimu ya ce na mahaifinsa. Tsoho ya ƙi, ya ce, "Ni buri kawai na yi. Ka sa sunan wanda ya kai ka." Bai faɗi ko wane ne ba, kafin kaka Allah ya karɓi ransa.

Kamfani yana jira, Tanimu ya kasa yanke shawara. Da Dakta Uwani ba ta miƙe ba, da an cire shi. Da Barau bai bar hanya ba, da an janye shi gida. Da Tabawa ta buɗe baki, da ya watsar da komai, amma da ubansa ya gan shi ko sau ɗaya.

To, ku da kuka ji, sunan wa ya cancanci a buga?