Muryar Baba a Tsohuwar Wayar Yaya

Jama'ar wannan shafi, akwai wani magidanci da 'yan gidansu ke kira Injiniya. Ba injiniyan komai ba ne, tayil yake sayarwa. Amma duk wayar da ta yi gardama a dangi shi ake miƙa wa, har abin ya hau masa kai.

Mahaifiyarsu ta tsufa, mantuwa ta kama ta tun bayan rasuwar mijinta. Sau da yawa ba ta gane 'ya'yanta. Abinci kuwa ko an kai bakinta sai ta kau da kai, ta ce sai maigidan ya dawo.

Abu ɗaya ke sa ta ci. A tsohuwar wayar Yaya, babbar 'yarta da ke jinyarta, akwai saƙon murya da marigayin ya taɓa turowa: "Ki ce wa mamanku ta ci abincinta, kada ta jira ni, ina hanya." Har da ɗan tarinsa a ƙarshe.

Yaya takan kunna shi kusa da kwano. Mama ta yi murmushi ta ce, "Kullum yana hanya," sai ta jawo kwanon. Babu wannan saƙo a ko'ina sai a wayar nan.

Wayar kuwa ta gaji, gilashi ya tsage, batir ya kumbura. Injiniya ya ce a ba shi ya kwashe komai ya adana a wuri uku. Yaya ta roƙe shi ya fara tura muryar kaɗai zuwa wayarsa tukuna. Ya yi dariya ya ce wannan aikin 'yan koyo ne.

Ya zauna a falo ya jona wayar da kwamfutarsa, ya soka filashi a gefe. Manhajar da yake kwashe fayil da ita ta daɗe tana roƙonsa ya sabunta ta, don masu ita sun gano wata kafa da ɓarayi ke shiga, shi kuwa kullum sai ya danna "sai anjima". Ranar sai ta ƙi aiki.

Maimakon ya je shafin masu ita, sai ya tuna wani da bai sani ba ya taɓa tura irinta a guruf, wai ta fi sauri kuma ba talla. Ya sauke ta. Kwamfuta ta fito da jan gargaɗi, ya rufe shi ya ci gaba da kwashe fayilolin, har yana tsokanar Yaya wai na'urar ma tsoro gare ta kamar ita.

Kafin ruwan shayinsa ya huce, sunayen fayilolin sun rikiɗe. Ya danna hoto, bai buɗe ba. Ya danna muryar Baba, shiru. Ya duba filashin, haka. Wayar ma haka, tunda duk a jone suke. Wuri ukun da yake taƙama da su sun tafi a tare.

Ya bi masu gyara ɗaya bayan ɗaya, kowa ya duba sai ya girgiza kai. Na ƙarshen ya gaya masa gaskiya: an kulle fayilolin ne, makullin yana hannun wanda ya turo manhajar, mutumin kuma ya riga ya fice daga guruf ɗin, lambarsa ba ta shiga.

Yaya ba ta yi masa faɗa ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Tambaya ɗaya ta yi masa, "To yanzu me zan kunna mata?"

Mama ta koma kau da kai. A lallaɓa, a yi roƙo, da ƙyar take karɓar ruwa. Zanenta ya fara yi mata yawa. Injiniya ya daina zuwa shago, yana zaune a ƙofar ɗakinta kamar wanda aka ba gadi, ba abin da zai iya.

Da abin ya ishe shi, ya tuna ana cewa muryarsa irin ta Baba ce. Ya laɓe bayan labule, Yaya ta ajiye kwano. Ya gyara murya ya faɗi maganar yadda ya haddace ta, har da tarin.

Mama ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon labulen.

"Injiniya, kai ne?" ta ce. Rabon da ta gane shi har ya manta. "Shigo mana, ɗana. Zauna mu jira babanku tare."

Ya shigo ya zauna a gefenta, hawaye na zuba. Ta riƙe hannunsa tana kallon ƙofa, abincin yana hucewa a gabansu.

Darasi: Kada ka sauke manhajar da ba ka san tushenta ba, kada ka rufe gargaɗi don gadara, ka riƙa sabunta wadda kake da ita. Abin da ba shi da madadi, ka ajiye kwafinsa a inda ba a jone yake ba tun kafin ka taɓa komai. Ku tura wa 'yan uwa, musamman Injiniyan gidanku.