Katin Baƙo Ɗaya na Tanimu Marini

Kai, ku rage surutu, ku 'yan siyasar cikin waya! Ku matso in ba ku ta zamaninmu, in na gama ku yanke mini hukunci.

A garinmu, Gangaren Baba, an yi wani marini, Malam Tanimu. Hannayensa shuɗi ne har gwiwar hannu, bakinsa kuwa ba ya shiru. In an kwashi samari aikin tilas, Tanimu ne zai tsaya a kasuwa ya ce, "Mai gumi shi ke da tuwo!" Da zaɓen majalisa ya zo, talakawa suka ce shi suke so. Ya shekara goma sha biyu a majalisa da riga ɗaya, kuma da bakinsa aka hana aikin tilas a ƙasarmu. Amma fa saura ƙiris da bai ko leƙa ƙofarta ba.

Doka ta ce ɗan takara ya miƙa takardarsa da hannunsa ga baturen zaɓe, a babban gari, kafin sha biyun ranar Alhamis, da dangwalen mutum goma. In bai zo ba, abokin karawarsa, wani ɗan kwangila, ya wuce ba hamayya. Ran Laraba sai aka kulle Tanimu, wai ya yi lacca ba izini. Laccar me? Turmi kawai ya kifa ya hau!

Iya Dudu mai koko ce ta fara. Ta bi matan kasuwa gida gida, da gari ya waye ba koko, ba ƙosai, ba waina. Suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar alƙali suka zauna. Wani ɗan doka ya ce, "Iya, ko ludayi ɗaya mana." Ta ce, "Ɗana, ludayin yana ciki tare da Tanimu." Yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce, kafin hantsi aka sake shi. Ita kuwa aka ƙwace mata rumfa.

To, ga mil goma sha biyu zuwa babban gari, ɗan kwangila ya yi hayar motocin garin kaf, kogi kuma ya cika. Sai Barau mai gyaran keke ya ce, "Malam, hau ka riƙe hularka." Ya tuƙa shi kamar wanda kura ta biyo. A kogi ya ɗora keke a ka ya haye, ya komo ya goyi Tanimu. Suna isa gari keken ya rabu biyu, shi ke nan jarinsa.

Nan fa abin dariya ya fito. Ashe marina goman da suka dangwala masa sun raina tawadar gwamnati, suka ce ga baban rini cike da karofi, wa zai nemi wata? Da jiƙaƙƙen baba suka dangwala, gumi da ruwan kogi suka gama sauran, takarda ta koma shuɗi fes. Baturen zaɓe ya juya ta ya ce, "Wannan rini ne ko takarda?" Saura minti ashirin.

Malam Ilu, mai rubuta wa mutane wasiƙa a ƙofar ofishin zaɓen, ya san doka kamar yunwar cikinsa. Ya ce kowane mutum goma na mazaɓar sun isa. Ya cika sabuwar takarda, ya ruga bakin titi, inda aka kawo samarin garinmu aikin tilas suna fasa dutse. Suka yar da guduma, suka dangwala ɗaya bayan ɗaya, aka miƙa ana shirin buga sha biyu. Washegari aka kori Ilu da teburinsa daga ƙofar.

Tanimu ya ci zaɓe, wallahi ranar har ni na yi rawa. Sai ga takardar rantsarwa da kati a ciki: kowane ɗan majalisa baƙo ɗaya zai zo da shi, ya hau bene ya kalla. Ɗaya tak.

Ba wanda ya roƙe shi, kunya ta hana. Amma ranar tafiya duk ukun suka zo tashar jirgin ƙasa cikin kayan Sallah, kowa na cewa, "Rakiya kawai na zo." Ga ƙunshin guzuri a bayan Iya Dudu, ga jaka a hammatar Barau, Ilu har da sabon takalmi yana matsa masa ƙafa. Tanimu, mutumin da bai taɓa rasa magana gaban hakimi ba, ya tsaya da kati a shuɗin hannunsa, idonsa ya cika da ƙwalla. Jirgi ya yi kuka.

Kada ku tambaye ni wanda ya hau, ba zan faɗa ba. Ba don Dudu ba, da yana kulle. Ba don Barau ba, da yana tsallaken kogi. Ba don Ilu ba, da shuɗiyar takardarsa zai koma gida. To, in ku ne Tanimu, hannun wa za ku danƙa wa katin nan, ku bar biyu a tasha da guzurinsu?