Butar Sarkin Fada Tanimu

An ce a cikin littattafan mutanen da, tun da aka kafa Birnin Tsamiya ba a taɓa zaluntar wani bawan Allah kamar yadda murfin buta ya zalunci Sarkin Fada Tanimu ba. Haka dai shi yake faɗa wa duk wanda ya tsaya.

"Ni Tanimu! Ni da rawanina ba ya karkacewa ko a guguwa, ɗan ƙarfe kamar bakin ludayi ya tozarta ni gaban baƙi!"

Abin da ya faru shi ne, a fadar nan akwai doka, hannun hagu ba ya kusantar abin da Sarki zai sha. Tanimu kuwa shi ke zuba shayi. Ran nan, a gaban baƙi, ya ɓoye hagu cikin riga, ya karkata buta da dama, murfi ya faɗo cikin kofi, ruwan zafi ya fantsama a gemun Sarki. Sarki ya ce, "Jibi baƙi za su dawo. In murfi ya sake faɗowa, rawaninka zai bi shi."

Tanimu ya zarce maƙera wurin Korau, tsohon maƙerin tagulla, ya zazzage masa kuka.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, zauna, kana tare mini haske. An ce mahaifina ya taɓa bin ayari tare da wani madugu wanda raƙumi ya tauna wa hannu. Mutumin nan bai yarda kowa ya zuba masa shayi ba. Sai ya ɗaure murfi a jikin mariƙi da zare, in zai zuba ya danne da babban yatsa. Har suka isa Agadas bai ɓarar da ɗigo ba."

Tanimu ya yi zumbur ya miƙe. "Yatsa! Wallahi abin da nake shirin faɗa ke nan, ka riga ni!"

Suka kama aiki, wato Korau na ƙira, Tanimu na ihu. Aka haɗe murfi da mariƙi, aka fitar masa da ɗan harshe daidai inda yatsa ke sauka. Da farko harshen ya yi zafi, Tanimu ya yi ta tsalle yana tsotsar yatsa. Korau ya naɗe wurin da fata, ya faɗaɗa gindin butar don ta zauna daram.

Ranar baƙi, Tanimu ya ɗaga buta sama har kafaɗa, shayi ya zubo siriri, kumfa ta taso, murfi ko motsi. Fada ta kaure da sowa. Sarki ya karɓa ya gwada da kansa har sau uku, yana dariya. Ya sa aka kira Korau, aka ba shi riga da doki.

Sa'an nan Sarki ya dubi fadawa ya ce, "Ni kam, kakannina ba su san dokar hagun nan ba. Wa ya kawo mana ita?"

Idanu suka taru a kan Tanimu.

Tanimu ya faɗi ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ne. Wanda ke zuba shayi kafin ni da hagu yake dafe murfi, ni kuwa ina son gurbinsa, sai na ƙirƙiro dokar aka cire shi. Ban tuna ni ma ina bukatar hagun ba sai da aka miƙo mini butar."

Sarki ya ce a mayar wa mutumin da aikinsa, Tanimu kuma ya riƙa wanke masa kofuna, da rawaninsa a ka. Masu hikima suka ce, kafin mutum ya tsara wa wani doka, ya fara gwada ta a kansa.

An ce har ya tsufa, Tanimu na bakin rijiya yana ɗauraye kofi yana cewa, "Laifina ne, na yarda. Amma da ban yi ba, a ina za ku samu butar?"