Layukan Jan Fenti a Kan Rufi

Akwai wani dillalin motoci da 'yan gidansu ke kira Auta. Su biyu ne a wurin mahaifiyarsu, shi da yayansa kafinta. Auta ya samu ya gina nasa gidan. Yaya ya zauna da Umma a tsohon gida, shi da matarsa.

Umma tana da ciwon suga. Kullum sai an yi mata allura, maganin kuma ba ya son zafi, a firij ake ajiye shi. Wutar unguwar kuwa sai ta ga dama take zuwa. Shi ya sa Yaya ya yi kusan shekara yana shirin saka sola. Bai kai ga sakawa ba Allah ya karɓi ransa.

A zaman makoki Auta ya jiyo wata dattijuwa tana cewa talakan ne ya riƙe uwar, mai motocin sai gaisuwa ta waya. Maganar ta tsaya masa a wuya. Ya ce shi zai saka solar, kuma sai kowa ya gani.

Ya zo da mai haɗa sola, wanda ake ce wa Injiniya. Injiniya ya tambayi abin da za a riƙa kunnawa, da awa nawa kowanne ke yi. Matar Yaya ta shiga ɗaki ta fito da wata takarda da ta sha ninki. Rubutun marigayi ne: firij ɗaya, fanka biyu, ƙwan fitila shida, rediyo, kowanne da awanninsa.

Injiniya ya ce, "Allah ya jiƙan mai wannan rubutu, ya gama mini rabin aiki. Allon sola huɗu da batir biyu sun isa, in dai sun sami rana."

Auta ya nuna gaban rufin, ɓangaren da ke kallon titi. "A nan za ka jera su."

Injiniya ya ɗaga kai ya dubi benen maƙwabci. "Yallaɓai, wancan benen zai zubo inuwa nan. Kuma a haɗe allunan suke, inuwa ta taɓa ɗaya, duka sai su rage ƙarfi."

Matar Yaya ta ce a hankali, "Auta, yayanka a baya ya ce a sa, saman kicin. Ya yi watanni yana hawa yana dubawa."

Auta ya yi dariya. "Matar Yaya, yaushe kika zama injiniya? Yaya ai katako ya sani. A baya wa zai gani, kaji?" Ya juya ga Injiniya. "Ni na kawo ka ko ita?"

Injiniya ya ce, "Na dai faɗa." Ya ɗauki tsani.

Bayan mako guda Auta ya ƙaro wata ƙatuwar firiza da babu ita a takardar. A buɗaɗɗiyar mota aka kawo ta, aka sauke a ƙofar gida ana kallo.

Daga nan batir ya daina cika. Da yamma inbata, na'urar da ke ba gidan wuta daga batir, sai ta yi ƙara ta ɗauke, firij ya kwana a kashe har hantsi, ga shi lokacin zafi ne. Matar Yaya ta cire firizar, abin ya ɗan yi sauƙi amma bai gyaru ba. Ta riƙa naɗe maganin a jiƙaƙƙen tsumma. Ta kira Auta ta faɗa masa.

Ya ce, "Sabo ne, sai ya saba."

Ta sake kira, ya ce yana tare da mai sayen mota. Na uku bai ɗauka ba.

Wata safiya Umma ta kasa tashi. Bakinta ya bushe, tana magana ba a ganewa. Auta ya tarar da su a asibiti. Nas ta ɗaga kwalbar maganin ta duba a haske, sannan ta dubi matar Yaya.

"Ke ce mai kula da ita? Wannan ya sha zafi ya lalace. Kwana nawa kina yi mata allurar da ba ta aiki? Firij ma sai an koya miki?"

Matar Yaya ta sunkuyar da kai. Ko inda Auta yake ba ta kalla ba. Shi kuma yana tsaye da makullin mota a hannu, ya bari aka wanke ta tas.

Bai iya zama ba. Ya tuƙa zuwa tsohon gida, ya jingina tsanin Yaya ya hau. Ƙarfe biyu na rana ne, amma allunan nan huɗu suna kwance cikin inuwar bene.

Sai ya lura da wasu layukan jan fenti a kan kwanon rufin, sun ɓullo daga ƙarƙashin allunan. Kowane layi da rubutu a gefensa: ƙarfe sha ɗaya, ƙarfe ɗaya, ƙarfe uku. Wasu an sa zafi, wasu damina, wasu sanyi. Bakin inuwar benen ne Yaya ya riƙa bi yana shatawa, lokaci bayan lokaci. A tsakiyar inda ya nuna inuwa na cinyewa, nan Auta ya sa aka kafa allunan.

Ya rarrafa ya tsallaka baya. Rana tana dukan wurin, kwano ba ya taɓuwa. Saman kicin an zana gida huɗu a karkace, daidai girman allo. A ƙasa an rubuta: Nan. Don allurar Umma.

Auta ya zauna a kan kwanon mai zafi. Ya daɗe bai sauko ba.

Da ya koma asibiti ya nemi nas ɗin, a gaban matar Yaya da sauran masu jinya ya ce, "Ba ita ba ce. Ta kira ni sau uku. Ni na sa aka kafa sola a inuwa don mutanen titi su gani." Ya durƙusa. "Matar Yaya, ki yafe mini."

Ta share ido da gefen mayafi. "Tashi, Auta, mutane na kallo. Ko dama kallon kake so?"

Ya kasa ɗaga kai.

Bayan kwana biyar aka sallami Umma. Kafin ta dawo, Injiniya ya mayar da allunan cikin zanen Yaya, Auta na riƙe masa tsani. Firizar ta koma gidan Auta. Yanzu in ka bi ta titin ba za ka san gidan da sola ba. Kaji ne kawai ke gani, firij kuwa bai sake ɗaukewa ba.

Darasi: Kafin ka saka sola, lissafa abin da za ka kunna, ka bi inuwar gidanka ka san inda rana ke daɗewa, ka kuma saurari wanda ke zaune a gidan. Alherin da aka yi don idon mutane yakan cutar da wanda aka ce don shi aka yi. Mu da muka rasa namu mun sani, wani lokacin sai bayan sun tafi muke ganin wahalar da suka sha ba su faɗa ba. Ku tura wa 'yan uwa, ko wani zai gyara tun da sauran lokaci.